Jinjina ga Masu Raya Littattafan Tarihi da Nasaba

Hakika ilmin nasaba yana da daraja babba a wurin malamai, domin da shi mutum yake sanin danginsa har ya sadar da zumuncin da Allah ya wajabta masa. Saboda haka waɗanda suka ɗauki ɗawainiyar tattara tsofaffin rubuce-rubucen garuruwa da na zuriyoyi, suka kakkaɓe su daga gara da laima, suka gwada kwafi da kwafi, sa'an nan suka sake buga su, sun cancanci yabo da addu'a.

Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna 48 tun daga Bagauda har zuwa Sarkin Kano Muhammadu Bello, da fari a hannun 'yan tsirarun malamai yake, sai da Hukumar Fassara ta Zariya ta sa shi cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, kamfanin buga littattafai na NNPC kuma ya sake bugawa daga baya, kana almajiri da talaka suka samu ikon karanta shi. Haka nan Infakul Maisuri na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, waɗanda ga su ne mai neman asalin kakanninsa yake komawa idan ruwayar baka ta saɓa.

Muna roƙon gidajen sarauta da na malamai masu ajiye da irin waɗannan takardu su ba da izinin kwafe su da buga su tun suna karantuwa. Allah ya saka wa masu wannan hidima da alheri, amin.