Kaukabush Sharƙ: Nasabar da Ba Ta da Isnadi

Kaukabush Sharƙ, majalisar 'yan Masoniyya ta Alƙahira wadda Jamaluddin al-Afgani ya shugabanta a 1878, ta kasance reshen Masoniyyar Ingila. Kamar takwarorinta, a wancan zamani takan rufe idon sabon shiga, ta rantsar da shi kan ɓoye sirrin da bai riga ya sani ba, sannan ta jingina al'adunta ga maginan Masallacin Ƙudus na zamanin Annabi Sulaiman (AS). Wannan da'awa ba ta da isnadi, domin a Landan aka kafa babbar majalisarsu ta farko a 1717. Mai nazari ba ya bukatar labaran makirci marasa madogara. Rantsuwa kan abin da aka jahilta, da ƙagaggiyar nasaba, sun isa hujja.