Labari a Hannun Mai Wasa

A garuruwan da ke kewaye da dajin Ɗansoshiya, irin su Kiru da Bebeji, da can in an ci tuwon dare sai yara su kewaye kakarsu, ta ba su tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi. In azumi ya kai kwana goma kuma su fita tashe, wannan ya yi shigar tsoho, wancan ta malami. Yau waɗansu jikokinsu sun sami abin da ya gama biyun nan, watau wasan kwamfuta wanda mai yinsa ke shiga rigar jarumin labari. Ya kamata iyaye su san yadda labarin cikinsa ya yi ta sakewa.

A 1986 aka fitar da Dragon Quest a Japan. Labarinsa gajere ne, gama na'urar zamanin ba ta ɗaukar magana da yawa. Saurayi ya fita ya ceci 'yar sarki, ya kashe azzalumin da ya dami ƙasa, shi ke nan. Nagari daban, mugu daban.

Da aka kai 1997 sai ga Final Fantasy VII a kan faifai uku. A cikinsa an kashe Aerith, yarinya mai sayar da furanni, ba kuwa dabarar da za ta cece ta. Nan labari ya fara taɓa zuciya. Amma duk da haka mai wasa kamar jirgin ƙasa ya ke, ba shi da ikon barin hanyar da aka shimfiɗa masa.

The Witcher 3, na mutanen Polan, wanda ya fito a 2015, ya ɗora wa mai wasa nauyin zaɓi. Akwai inda ya ke tarad da wani aljani ɗaure a gindin itace. In ya sake shi, waɗansu marayu su tsira, amma mutanen wani ƙauye su halaka. In ya kashe shi, ƙauye ya tsira, marayu su salwanta. Lalle wannan ci gaba ne, domin labarin da zaɓi ke da tsada a cikinsa shi ne ke koya wa mutum cewa abin da ya shuka shi zai girba.

Amma fa akwai aibi. Kaka ta kan dubi fuskar jikanta, in ta ga ya tsorata ta sassauta, in dare ya yi ta ce ƙurunƙus, kowa ya kwanta. Na'ura ba ta san shekarun yaro ba, ba ta kuwa san dare ya yi ba. Shi wannan wasa na Polan ma don manya aka yi shi. Bugu da ƙari, harshe da al'adun ciki duk na baƙi ne.

Maganin wannan ba hani kaɗai ba ne. A 2016 samarin Kamaru sun fitar da nasu, Aurion, labarin yariman da surukinsa ya ƙwace wa sarauta. Hausawa kuwa ba su rasa jari ba. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda aka buga a 1934, tafiya ce ta neman magani gari bayan gari, ga kuma Malam Zurƙe abokin gaba. Kayan gini suna nan jibge, maginin a ke jira.