Tafiyar Carter a Ƙasa: Nazari a kan Ishara da Hali

Ran 20 ga Janairu 1977, bayan Jimmy Carter ya yi rantsuwar kama mulkin Amurka, sai ya sauko daga mota, shi da matarsa Rosalynn, suka taka da ƙafa wajen mil ɗaya da rabi, daga ginin majalisa har fadar White House. Kafin shi ba a saba ganin sabon shugaba ya yi wannan tafiya duka a ƙasa ba. Jama'a suka yi ta sowa, 'yan jarida kuma suka ɗauki abin alama ce ta cewa zamani ya sake. Tambayar da ta kamaci mai nazari ita ce, me ya sa ɗan abu kamar wannan ya yi nauyi haka, kuma har ina ya cancanci a gaskata shi?

Da fari dai ishara ba ta da ma'ana sai a cikin lokacinta. A watan Agusta 1974 Richard Nixon ya yi murabus saboda abin kunyar Watergate, bayan yaƙin Vietnam ya rigaya ya zubar da amincin hukuma a idon talakawa. Mutane sun gaji da shugaba mai nisa, wanda fadawa suka kewaye. Carter kuwa manomin gyaɗa ne daga Plains, wani ƙaramin gari a Jihar Jojiya, wanda a ke gani yana rataye da jakar tufafinsa da kansa wajen yaƙin neman zaɓe. Har rantsuwa ma da sunan Jimmy ya yi ta, ya bar James, sunansa na yanka. Da a zamanin da jama'a su ke alfahari da shugabanninsu ya yi haka, watakila da an ce ƙauyanci ne.

Na biyu, abin da ya yi kama da na bazata sau da yawa shiryayye ne. Tafiyar nan an ƙulla ta tun kafin ranar, masu tsaronsa kuma sun san da ita. Haka nan rigar sanyin da ya sa ran 2 ga Fabrairu 1977, sa'ad da ya zauna kusa da murhu yana roƙon mutane ta talabijin su rage ɗumama gidajensu saboda ƙarancin makamashi. A shekarar kuma ya sayar da Sequoia, jirgin ruwan shaƙatawa na shugaban ƙasa, ya hana a riƙa busa masa take in ya shigo taro. Masu suka sun ce wannan duk riya ce. Amma hujjarsu ba ta cika ba, gama shiri ba ya mai da abu ƙarya. Mai tawali'u na gaskiya ma ya kan zaɓi inda zai nuna tawali'unsa, in yana so a koya daga gare shi.

Inda aibin ya ke shi ne jama'a sun karɓi ishara a matsayin alkawari. Wanda ya ga shugaba yana tafiya a ƙasa sai ya zaci tsadar kaya ma za ta sauko. Ba ta kuwa sauko ba. A 1979 motoci suka yi dogayen layuka a gidajen mai, a 1980 hauhawar farashi ta haura kashi 13 cikin ɗari. Ran 4 ga Nuwamba 1979 aka kame ofishin jakadancin Amurka a Tehran, aka tsare mutum 52 har kwana 444. Sa'an nan fassara ta juya. Rigar da a da a ke karantawa sauƙin kai, aka koma karanta ta rashin kwarjini, ko da ya ke shi ne ya sulhunta Masar da Isra'ila a Camp David a 1978. A zaɓen 1980 jiha shida kaɗai ya ci, da birnin Washington, Ronald Reagan ya kwashe saura. Tsararrun kuwa ba a sake su ba sai ran 20 ga Janairu 1981, watau shekara huɗu daidai da ranar tafiyar.

Hausawa sun ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Da mulki ya ƙare Carter ya koma gidan da ya gina a Plains tun 1961, bai sake wani ba. Daga 1984 ya shiga aikin gina wa marasa galihu gidaje, yana riƙe da guduma da hannunsa. Daga 1986 cibiyarsa ta ɗaura yaƙi da kurkunu, cutar da a lokacin a ke ƙiyasin tana kama mutum miliyan uku da rabi a shekara, wadda manoman ƙasar Hausa suka san yadda ta ke kwantar da mutum daidai lokacin noma. A 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da ita. Ya rasu ran 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100.

Saboda haka tambaya biyu ce aka cuɗa wuri ɗaya, ya kamata a raba su. Ko mutumin haka ya ke a zuciyarsa? Shekara arba'in da uku na bayan mulki sun amsa, lalle haka ya ke. Ko halin nan ya isa ya kawo sauyin da aka zata? Shekara huɗu na mulki sun nuna bai isa ba, domin farashi da majalisa da ƙasashen waje ba sa bin halin mutum ɗaya. Malamin da ke koya wa ɗalibai sauraron 'yan siyasa zai amfane su in ya horar da su su riƙa yin tambayoyin nan biyu dabam dabam, kada amsar ta fari ta rufe musu ido ga ta biyu.