Ƙugiyar Hausa Ba Ta Shiga Bayit Ɗaya

Masu rubuta manhaja suna komawa ga UTF-8 gaba ɗaya, ni kuwa ina bayansu. Java ta mai da shi tsarinta na asali a sigar 18 ta 2022, Windows ma tun 2019 ta ba manhaja damar zaɓarsa. Sai dai tsohuwar ɗabi'ar nan ta matse faffaɗan harafi cikin bayit ɗaya tana nan a ɓoye cikin dubban layukan C da C++ da aka gada.

Bayit ɗaya gurbi 256 ne kacal. Lambar ɗ a Unicode 0257 ce a ƙidayar sha shida, ta ɓ kuma 0253, ta ƙ 0199, duk sun haura wannan iyaka. Mai gaggawa yakan ɗauko faffaɗan harafi na wchar_t ya tura shi cikin char mai bayit ɗaya kai tsaye, sai rabin sama ya guntule. Ƙaramar ɗ ta rage 57, wato W. Ƙaramar ɓ ta rage 53, wato S. Ɗaki da ƙaramin baƙi ya koma "Waki", ɓera ya koma "Sera", ƙ kuma a teburin Windows-1252 ta rikiɗe alamar ™. Kwamfuta ba za ta yi ko tari ba, don a wurinta W harafi ne lafiyayye. Haka za a adana sunan mutum a gurguje, ba mai lura sai ranar da ya zo neman takardarsa.

Shi ya sa nake ganin girman wctob, mai mai da faffaɗan harafi bayit ɗaya, wanda ya shiga yaren C a gyaran 1995. Idan harafi ba shi da gurbi a bayit ɗaya, yakan dawo da EOF, alamar cewa ya kasa, ya faɗi gaskiya. Masu amfani da shi ne ba sa duba amsar. WideCharToMultiByte na Windows kuwa mai rufa-rufa ne: in ya rasa gurbi sai ya dasa alamar tambaya ko wani harafi mai kama, ya wuce abinsa.

Wasu masu matse harafi cikin bayit ɗaya na cewa ai tsimin wuri suke yi. Wane wuri? Ken Thompson da Rob Pike sun tsara UTF-8 a 1992 ta yadda baƙaƙen ASCII 128 suka ci gaba da zama bayit ɗaya-ɗaya, ƙugiyoyinmu kawai ke cin biyu. Wanda ya gwada manhajarsa da "Hello" kaɗai bai gwada komai ba. Ya rubuta "ƙanƙara" ya ga abin da zai fito.