Mai Riƙe Hannun Mai Naƙuda: Nazari Kan Matsayin Ungozoma a Potiskum

A mafi yawan gidajen Potiskum, na Ngizim ne ko Karekare ko Bolewa ko Hausa da Fulani, mace ba ta yin jego ita kaɗai. Da zarar ta sauka, akwai dattijuwar da za ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta wanke jariri, ta gasa masa cibi. Kullum da asuba ita ce mai hura wuta ƙarƙashin tukunyar wanka, ta tsoma ganyen darbejiya a ruwan zafi tana fyaɗa wa maijego, har a yi arba'in. A al'adar Hausawa sau da yawa ba a kiran ungozoma sai ɗa ya faɗo, domin kunya takan sa mai naƙuda ta danne ciwonta a ɗaki. Ke nan asalin aikinta kula ne da reno da kwantar da hankali. Wannan aikin ne ya kamata mu riƙe, mu kuma buɗe masa ƙofar ɗakin haihuwa na asibiti, inda yanzu akasari a waje ake tsayar da 'yan rakiya.

Turawa sun rasa irin wannan mace lokacin da haihuwa ta koma asibiti, sai suka sake ƙirƙiro ta da sunan dula, kalmar Girkanci mai nufin baiwa mai hidima. Dula ba ta karɓar haihuwa, ba ta ba da magani. Zama take kusa da mai naƙuda, ta shafa mata baya, ta ba ta ruwa, ta isar da kukanta ga ma'aikata. Binciken da John Kennell da Marshall Klaus da abokan aikinsu suka yi a Guwatamala, wanda aka buga a 1980, ya nuna naƙudar matan da aka zauna tare da su ta fi gajarta. A 2017 cibiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwaje 26 daga ƙasashe 17, na mata sama da 15,000, ta gano cewa rakiya marar yankewa tana rage yawan tiyata. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a bar kowace mace ta shiga da wanda ta zaɓa. A ƙasarmu, inda hukumar ta ƙiyasta mata kusan 82,000 sun mutu ta dalilin ciki da haihuwa a 2020 kaɗai, bai kamata a yi sakaci da abu mai araha irin wannan ba.

Ma'aikatan lafiya suna da hujjar ɗari-ɗari da ungozoma, kuma hujjar tana da ƙarfi. Yankan gishiri ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari. A Zariya, cikin shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry sun danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan ruwa mai tsananin zafi da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Jijjiga da zubar jini kuwa ba su jin rubutu ko jiƙo, sai allura da ƙarin jini. Amma duk waɗannan illoli suna faruwa ne inda aka bar ungozoma ta zama likita. Korar ta daga asibiti ba ta hana su, domin maijego gida za ta koma hannunta, kuma maganar wannan dattijuwa ce miji da suruka suke ji idan ana shawarar a nemi mota ko a ƙara haƙuri. Wadda aka karrama, aka nuna mata alamomin haɗari, kumburin fuska da ciwon kai mai tsanani da jinin da ya ƙi tsayawa, ita ce za ta ce a tashi a tafi tun da wuri. Wadda aka wulaƙanta a bakin ƙofa, gobe za ta ce a zauna a gida.

Wasu za su ce ɗakunan haihuwa cunkushe suke, kuma shigar baƙuwa tana keta sirrin sauran mata. Labule tsakanin gadaje da dokar mace ɗaya ga kowace mai naƙuda sun isa su magance wannan, kuma kuɗinsu bai kai na tiyata ɗaya ba. Cunkoson ma hujja ce ta a bar ta ta shiga, domin ungozomar asibiti guda mai duba mata biyar cikin dare ba ta da hannun shafa bayan kowa. Abin da ya rage shi ne iyaka bayyananniya: almakashi da allura na ma'aikaciya ne, lallashi da addu'a da ruwan sha na 'yar rakiya ne.

Hausawa sun ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Potiskum ba ta buƙatar shigo da sabuwar sana'a daga Amurka, domin matan suna nan a kowace unguwa. Idan asibitocin Yobe da makarantun koyon ungozomanci suka koya musu iyakarsu, suka ajiye musu kujera gefen gado, yarinyar da ke kan gwiwa a haihuwar fari za ta sami gwanin da zai tsayar da jini, ta kuma sami fuskar da ta sani tana ce mata sannu, kin kusa.