Tsohon Sito, Sabuwar Sana'a: Tsokaci Kan Unguwar JAX ta Diriyya

Duk ɗalibin da ya ɗan jima a Riyad ya san garin ba ya jin nauyin rushe tsohon gini ya kafa sabo. Shi ya sa unguwar JAX da ke Diriyya, arewa maso yammacin birnin, ta ja hankalina. Asalinta jerin manyan sito-sito ne na ajiyar kayan masana'antu, masu rufin kwano. Maimakon a baje su, sai hukumomin al'adu na Saudiyya suka mayar da su ɗakunan aikin masu zane da sassaƙa da ɗaukar hoto. A nan aka buɗe babban baje kolin fasahar zamani na Diriyya karo na farko a Disambar 2021, aka yi na biyu a 2024. Gidan adana fasahar zamani na SAMoCA ma a nan ya buɗe a 2023.

Abin yabo na farko shi ne ba a cika wa gine-ginen kwalliya ba. Sito yana da dogon rufi da faɗin ciki, babu bangaye masu tsare hanya. Yau a kafa allunan raba ɗaki a rataye hotuna, gobe a kwashe a jera kujeru a nuna fim. Haka kuma kaurin ginshiƙai da ƙarafan da tuni suke tsaye an ci moriyarsu, ba a mayar da su tarkace ba.

To amma ina da ja. Mutumin da ya tsara baje kolin farko, Philip Tinari, ya yi shekaru yana jagorantar cibiyar UCCA da ke unguwar 798 a birnin Beijin na ƙasar Sin, wadda ita ma tsohuwar masana'anta ce. A can masu zanen ne da kansu suka kutsa, saboda arhar haya, tun kafin hukuma ta san darajar wurin. Da wurin ya yi suna, haya ta tashi, da yawansu suka tattara nasu ya nasu. A JAX kuwa daga sama abin ya sauko: hukuma ce ta gyara, ita ta gayyato, ita ke ɗaukar nauyin manyan bukukuwan. Kowa ya san mai abin hannu shi ke da ta cewa. Ma'aunin nasarar irin wannan wuri, a ganina, ba yawan manyan baƙi ranar buɗewa ba ne. Ma'aunin shi ne ko matashin da ba a san sunansa ba zai samu ɗaki ya yi aikinsa bayan an watse.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, abin da ya sa na damu da wannan batu shi ne gida. Masaƙar Kaduna Textiles da ke Kakuri, wadda ta fara aiki a 1957, ta tsaya tun 2002. A Kano ma, wanda ya zagaya Bompai da Sharaɗa ya ga masana'antu rurrufe. A garin nan kuwa masu shirya finafinan Hausa da teloli da masu aikin kwamfuta suna ta fama da ƙuncin shago.

Ba mu da aljihun Saudiyya, kuma wannan aiki bai buƙace shi ba. Rufin da ba ya yoyo, wutar sola, ruwa, mai gadi, da yarjejeniyar haya mai sauƙi ta shekaru masu yawa wadda mai gini ba zai tashi rana ɗaya ya warware ba, sun isa a fara. Sai dai kada mu yaudari kanmu: ɗakin zane ba zai maye gurbin dubban ayyukan da masaƙa ta samar ba. Kuma in an gyara, a bar injin saƙa ko guda ɗaya a tsakar wurin, domin jikokin ma'aikatan su san gumin wa ya gina shi.

Allah Ya sa mu koma gida da ilimi mai amfani, amin.