Taki Ko Manomi? Sharhi Kan Hanyar Auna Amfanin Takin Zamani a Ƙasar Zakirai

Maƙasudin wannan takarda shi ne yin sharhi kan wata hanya da manazarta aikin gona suka saba bi: a kwatanta gonar da aka sa wa takin zamani da wadda ba a sa wa ba, sa'an nan a jingina bambancin amfanin ga takin. A ganinmu wannan hanya tana da rauni, musamman a ƙasa irin ta Zakirai, cikin yankin nan mai cunkoson jama'a da Michael Mortimore ya nazarta tun shekarun 1960, inda gona ba ta hutawa.

Da farko, manomi ba sau ɗaya yake yanke shawara ba. Yakan shuka gero, ya sa kamfa, ya dubi tsiro bayan noman firi, kana ya ga ko zai ƙara yuriya. Ashe ke nan kyan tsiro sakamakon takin farko ne, kuma shi ne dalilin na biyu. In manazarci ya kwatanta gonaki masu tsiro iri ɗaya kaɗai, ya shafe wani kaso na aikin takin farko. In ya ƙyale tsiron, ya ba takin biyu yabon da ba nasa ba. James Robins ya warware wannan ƙulli a 1986, amma bisa sharaɗin an rubuta duk abin da ya ja hankalin mai shawara.

A nan gizo ke saƙar. Manomi ya san gonar da ta sha takin dabbobi da toka shekara da shekaru, ya san yawan hannuwan gandunsa da nauyin aljihunsa. Waɗannan su ke sa shi sayen taki, su ne kuma ke cika rumbu, alhali ba sa shiga takardar tambaya. In kuwa gonar da ta raunana ya ceto da taki, lissafi zai rage wa takin daraja.

Saboda haka muna ba da shawara biyu. Inda zai yiwu, a raba taki ta hanyar ƙuri'a a kowane mataki, bisa tafarkin da Fisher ya aza a Rothamsted ta Ingila cikin shekarun 1920. Inda ba zai yiwu ba, a bi Charles Manski (1990), a faɗi iyaka ta ƙasa da ta sama maimakon adadi guda. Manomin da zai sayar da akuyarsa ya sayi buhun taki ya cancanci a gaya masa iyakar abin da alƙaluma za su iya tabbatarwa.